Wa'adi da Duban Lafiyar Kayan Hawan Itace

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a Nijeriya daga shekarun 2000 zuwa yau ya saba da juya kwalbar magani ko gwangwanin madara ya duba kwanan wata kafin ya biya kuɗi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ta cusa mana wannan ɗabi'a, musamman a zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Har ta kai kalmar "esfaya" ta samu gindin zama a bakin Bahaushe, tsoho da yaro kowa ya san ta. Abin da ni dai ban sani ba, sai a 2022, shi ne igiya da ɗamara da hular kwano na masu hawan itace su ma suna da nasu wa'adin. Wannan maƙala za ta yi bayanin ma'anar wannan wa'adi, da abubuwan da ke kashe kaya tun kafin ya cika, da kuma yadda ake duba lafiyar kayan. Zan fara da yadda na ci karo da batun, domin a nan ne na ɗauki darasin.

2.0 Buhun Kawuna

A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, na koma wurin ƙanen mahaifiyata a Sabon Ibadan. Sana'ar Kawu ita ce datse rassan itatuwa da kayar da waɗanda suka tsufa a gidajen mutane da makarantu. Ya haura shekara ashirin yana yin ta da adda da igiyar rijiya, ƙafarsa ko takalmi babu. A wannan shekara sai ya samu aiki a wata babbar ma'aikata mai itatuwa da yawa, amma da sharaɗi: ba za a bar kowa ya hau ba sai da cikakkun kayan kariya, kuma sai jami'insu ya duba kayan. Kawu ya kwashe abin da ya daɗe yana tarawa ya sayo ɗamara da hula a wurin masu gwanjo. Igiya kuwa yana da wata mai kyau da ya saya sabuwa shekara biyu kafin nan. Da yake jami'in ba ya jin Hausa, ni aka tafi da ni a matsayin tafinta.

Jami'in ya zazzage buhun a kan tebur. Ya ɗauki ɗamarar, wadda ko ƙura babu a jikinta, ya lalubo wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka daga ciki, ya karanta, ya ture ta gefe. Ya ce an yi ta a 2009, saboda haka ta wuce wa'adi. Da na fassara, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka ji shi da kyau kuwa? Ɗamara ce fa, ba madara ba. Ta yaya za ta yi esfaya?" Na ce, "Kawu, haka ya faɗa." Ya ce, "To, ka ce masa ya duba igiyar, wannan da hannuna na ɓare ta daga leda."

Jami'in ya bi igiyar taƙi bayan taƙi yana matsawa da yatsu. Da ya zo wani wuri sai ya tsaya, ya tambayi inda ake ajiye ta. Kawu ya ce a but ɗin mota. Ya sake tambaya ko an taɓa ɗaukar batir a wurin. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce an taɓa. Da izininsa aka yanka wurin. Daga waje igiyar lafiya lau take, in ban da ɗan dusashewar launi, amma zaren ciki da aka murza sai ya riƙa marmashewa. A wannan igiya Kawu ya rataya ransa mako guda kafin ranar.

Kaya biyu ke nan suka faɗi jarrabawa, kowanne da dalilinsa. Ɗamara ta faɗi saboda shekaru duk da kyawunta, igiya kuma ta faɗi saboda lahani duk da ƙuruciyarta. A kan wannan bambanci aka gina sauran bayanin da ke tafe.

3.0 Kayan da Ake Magana a Kansu

Mai aikin itace na zamani yana dogara da kaya guda biyar:

(a) Igiyar hawa. Yawancinta hawa biyu ce, akwai riga ta waje da zuciya ta ciki. Ana saƙa ta da zaren nailan ko foliyesta, wani lokaci rigar foliyesta, zuciyar nailan.

(b) Ɗamara. Ita ake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi. A gabanta akwai wata gajeriyar igiya da masu sana'ar ke kira gada, wadda a jikinta ake maƙala igiyar hawa.

(c) Ƙugiya mai kulle. Ƙarfe ne mai ƙofa da ke haɗa igiya da ɗamara.

(d) Hular kwano mai maɗaurin haɓa.

(e) Wandon kariya, ga mai aiki da injin zarto.

Kowane ɗaya yana da ma'aunin da aka gindaya masa. A Turai ma'aunin EN 1891 ya ce igiya mai daraja ta ɗaya dole ta jure kilonyutan 22 kafin ta tsinke. Kilonyutan ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 100 ko sama kaɗan, ke nan ana maganar fiye da tan biyu. A Amurka ma'aunin Z133 ya nemi sabuwar igiyar hawa ta jure kimanin kilonyutan 24. Shi wannan ma'auni yana da tarihi: wata uwa ce mai suna Ethel Hugg, wadda ɗanta ya mutu a wurin datse itace, ta yi ta rubuta wasiƙu ga hukumomi har aka kafa kwamiti a 1968, aka fitar da ma'aunin a 1972.

Mai karatu zai iya tambaya, me mutum mai kilo 70 zai yi da igiyar tan biyu? Amsa ita ce, wannan ƙarfi ana cin sa ta hanyoyi da dama. Ƙulli kaɗai yana rage shi, shi ya sa ma'aunin na Turai ya sauko daga 22 zuwa 15 idan an yi wa igiyar ƙulli mai siffar lamba 8. Sannan idan mutum ya zame ya faɗo ko da ɗan taƙi ne, fizgar da igiya ke sha tana ninka nauyinsa sau da yawa. Abin da ya yi saura shi ne rarar da tsufa da gogayya ke ci a hankali. Ranar da rarar ta ƙare, ranar igiya ke tsinkewa.

4.0 Ma'anar Wa'adi

Wa'adi a nan shi ne iyakar shekarun da kamfanin da ya ƙera kaya ya yarda a yi amfani da su. Babu adadi guda da ya game dukkan kaya, kowane kamfani da abin da ya rubuta a takardar da ke zuwa tare da kayansa. Misali, kamfanin Petzl na Faransa ya sa shekara 10 daga ranar ƙira ga duk kayansa na zare da na roba, amma bai sa wa na ƙarfe iyaka ba. Kamfanin MSA na Amurka kuwa yana ba da shawarar a sauya ƙoƙon hularsa bayan shekara 5 da fara amfani, a kuma sauya ragar da ke cikinta duk wata 12. Abin lura a nan shi ne, wani daga ranar ƙira yake ƙirgawa, wani daga ranar fara aiki.

Saboda haka kwanan wata uku ne ya kamata mai kaya ya sani: ranar da aka ƙera su, ranar da aka fara amfani da su, da ranar da aka yi masu duba na ƙarshe. Ta farko tana jikin kayan. A ɗamara tana kan ƙyallen shaida, a igiya tana kan 'yar ledar da aka naɗe bakinta da ita. A hula kuwa sau da yawa za a ga wani ɗan da'ira kamar agogo a ƙarƙashin baki, shekara a tsakiya, kibiya tana nuna wata. Sauran biyun mai kaya ne zai rubuta da kansa. A nan matsalar gwanjo take, domin wanda ya sayi ɗamara a kasuwa bai san wanda ya sa ta ba, bai san ko an taɓa faɗowa da ita ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, balle a ce rai za a rataya.

Dalilin sa wa'adi shi ne zare da roba suna tsufa ko da a ajiye suke. Iska da zafi da laima suna sauya su sannu a hankali, ta yadda ido ba ya gani. Tunda ba za a iya auna ƙarfin ɗamara ba sai an ja ta har ta yage, kamfani ya zaɓi ya ja layi ya ce daga nan ba ruwansa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne ɗaukar wannan layi a matsayin alkawari, wato su zaci tunda an ce shekara 10, to kayan lafiya suke har shekara 10. Shi kansa Petzl ya rubuta cewa abu guda mai tsanani yana iya sa a yi watsi da kaya bayan amfani ɗaya tak. Ke nan kwanan wata yana da ikon fitar da kaya daga aiki, amma ba shi da ikon shaidar lafiyarsu. Wannan aikin duba ne.

5.0 Abubuwan da ke Kashe Kaya Kafin Wa'adi

Na farko shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke karya zaren nailan ya kuma busar da robar hula. Duk wanda ya ga yadda bokitin roba ke fashewa bayan ya daɗe a tsakar gida ya ga aikin wannan haske. Hular da ake jefawa bayan gilashin mota kullum ba za ta kai wadda ake ajiyewa a inuwa ba.

Na biyu shi ne sinadarai, kuma mafi haɗari a cikinsu ruwan batir. Yana cin nailan sosai, alhali foliyesta ya fi jure masa. Wannan shi ya bayyana abin da ya sami igiyar Kawu: rigar ta tsira, zuciyar ta mutu. Fenti da sinadarin da ake tsinka shi da shi, da maganin wanki mai kore launi, su ma ba a so su kusanci kayan.

Na uku shi ne gogayya da zafinta. Idan mutum ya sauko da gudu, igiya na iya yin zafi har saman zaren ya narke, wurin ya yi ƙyalli da tauri. Yashi da ƙasa kuma idan suka shiga tsakanin zare suna yanka shi daga ciki duk lokacin da igiya ta miƙe.

Na huɗu shi ne kaifi, wato haƙorin zarto da bakin adda da tsinin reshen da aka datse. Na biyar shi ne fizga mai tsanani. Igiya ko ɗamarar da ta tare mutum a mummunar faɗuwa ta gama aikinta. Haka hular da reshe mai nauyi ya faɗo mata, ko da ba a ga tsaga ba. Don haka ne ma ba a yarda a yi amfani da igiyar hawan mutum wajen sauke rassa ba, kowace da aikinta.

Akwai wani misali sananne daga masu hawan duwatsu, waɗanda kayansu dangin na masu itace ne. A ranar 23 ga Oktoba 2006, Todd Skinner, ɗaya daga cikin gwanayen hawan dutse na Amurka, ya faɗo daga nisan kimanin mita 150 a Yosemite ta jihar Kalifoniya ya mutu. Madaukin gaban ɗamararsa ne ya tsinke saboda ya cinye. Abokin hawansa ya lura da lalacewar kwanaki kaɗan kafin nan, shi kuma ya riga ya yi odar sabuwa, ba ta iso ba ne kawai. Gwaninta ba ta hana shi faɗowa ba. An ga lahanin, amma ba a ajiye kayan ba.

6.0 Matakan Duba

A Birtaniya akwai dokar 1998 da ake kira LOLER, wadda ta shafi kayan ɗaga mutane da kaya, kuma masu aikin itace suna ƙarƙashinta. Tsarin da ake bi a can mataki uku ne. Na farko, mai hawa ya duba kayansa da kansa kullum kafin ya bar ƙasa. Na biyu, kayan da ke saurin cinyewa a duba su duk mako a rubuta. Na uku, duk wata 6 wani ƙwararre ya yi masu cikakken bincike ya ba da rahoto a rubuce. Hikimar mataki na uku ita ce, mai kaya yana da son zuciya a kan kayansa, domin shi zai biya kuɗin sabo. Kawu da kansa ya faɗa mini daga baya cewa ya taɓa jin taurin nan a igiyar, amma ya ce wa kansa ƙaro ne.

Shi duba na kullum ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masu hawan kwakwar manja a ƙasar Yarbawa suna da igiyar hawa da suke kira igba, kuma mai hankali a cikinsu ba ya barin ƙasa sai ya duba ƙullinta ya jingina da ita ya ji ƙarfinta. Bambancin shi ne igiyar gargajiya tana nuna tsufanta a fili, ta bushe, ta tsattsage. Ta zamani kuwa tana iya ɓoye nata a ƙarƙashin riga mai kyau.

7.0 Yadda Ake Duba Kowane Ɗaya

Igiya: A bi ta daga baki zuwa baki da ido da hannu tare. A riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Lafiyayyar igiya tana yin baka mai kyau, wadda zuciyarta ta lalace kuwa sai ta karye ta yi kusurwa. A nemi wurin da ya kumbura, ko ya sirance, ko ya yi laushi, ko ya yi tauri, ko ya sauya launi. Idan ana hango zuciya ta cikin riga, magana ta ƙare.

Ɗamara: A duba ɗinki, wanda galibi ake yi da zare mai launi daban domin a gane idan ya tsinke. A buɗe lungunan da ƙarfe ke gogar ƙyalle, domin a nan cinyewa ke ɓuya. A ba gada kulawa ta musamman, ita ta fi kowane sashe shan wahala, kuma a ɗamaru da yawa ana iya sauya ta ita kaɗai. Idan ƙyallen shaida ya goge har ba a iya karanta shi, an rasa shekarun ɗamarar ke nan, sai a ajiye ta.

Ƙugiya: A buɗe ƙofar a sake ta. Dole ta rufe ta kuma kulle da kanta, ba tare da an taimaka mata ba. A nemi tsaga da tsatsa da lanƙwasa. Inda igiya ke bi yakan yi kwari, kuma ƙa'idar Petzl ita ce idan zurfinsa ya wuce milimita 1 a yi watsi da ita.

Hula: A duba tsaga ciki da waje, da dusashewar launi, da ragar ciki, da maɗaurin haɓa. Kada a huda ta, kada a shafa mata fenti.

Wando: A cikinsa akwai dogayen zaruruwa a shimfiɗe. Idan sarƙar inji ta taɓa shi sai ta fizgo su, su cushe injin ya tsaya. Mai daraja ta 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa. Mai da ƙaro suna manne zaruruwan su hana su fita, don haka wanki yana cikin kula da shi. Idan sarƙa ta taɓa kaiwa ga zaruruwan, ba a kai shi wurin tela, domin ɗinki zai danne su.

Wajen ajiya kuwa, a wanke igiya da ɗamara da ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, a sa a jaka ta musamman nesa da batir da fetur da ɓera. Kayan da aka yanke wa hukunci kuma a yayyanka su, don kada wani ya tsinta ya mayar kasuwa.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa wa'adin kayan hawa iyaka ce da kamfani ya ja, kuma rana da sinadari da gogayya da kaifi da fizga suna iya gama da kaya tun kafin a kai ta. An kuma ga matakan duba uku da abin da ake nema a jikin kowane kaya. Tambaya biyu ake yi wa kaya kafin a hau da su: shin suna cikin wa'adi, kuma shin sun ci jarrabawar ido da hannu? Faɗuwa a ɗaya ta isa.

Kawu bai samu fara aikin nan a wannan mako ba. Sai da ya ci bashi ya sayi sabbin kaya, kuma ya yi kwanaki yana mita. A hanyarmu ta komawa na ce masa ko zai mayar wa mai gwanjo ɗamarar ya karɓi wani abu. Ya ce, "A'a ɗana, in na mayar wani zai saya." Da muka isa gida ya sa wuƙa ya raba ta uku. Yanzu yana da ɗan littafi a jakar kayansa, inda yake rubuta ranar da ya sayi kowane abu da ranar da ya duba shi, da ajami, domin shi ya iya.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin ranar ƙira da ranar fara amfani, ka kuma nuna inda ake samun kowace.
2. Me ya sa ruwan batir ya fi haɗari ga igiya mai rigar foliyesta da zuciyar nailan?
3. Kawo dalilin da ya sa ake son wani daban ya yi binciken wata shida.
4. Tsakanin "esfaya" da "cikar wa'adi", wacce ta fi dacewa a yi wa mai sana'a bayani da ita? Kafa hujja.